MUSAR: Horon da Uba Yake Yi wa Ɗansa

Karatu: Karin Magana 3:1-12, Ibraniyawa 12:4-13
Ayar haddacewa: Karin Magana 12:1

Gabatarwa

Ɗan'uwa, idan ka ji an ce an sa wani a horo a ikkilisiya, me yake fara zuwa zuciyarka? Yawancinmu abin da muke tunawa shi ne mutumin da aka kira sunansa a gaban jama'a, aka hana shi cin jibin Ubangiji, aka sauke shi daga ƙungiyar mawaƙa ko daga shugabancin zumunta, ya koma zama a bencin baya kansa a sunkuye. Shi ya sa kalmar horo ta zama abin kunya a wurinmu. Ko a cikin Littafi Mai Tsarki muka ci karo da ita, mukan yi sauri mu wuce, mu nemi ayar da take maganar nasara da buɗi.

Wannan gudun yana jawo mana asara. Akwai masu bi da suka bar ikkilisiyarsu don an gaya musu gaskiya sau ɗaya. Akwai waɗanda suka shekara suna azumi suna tsauta wa Shaiɗan a kan wata matsala, alhali kuwa Allah ne yake taɓa su don su gyara wani abu. Akwai kuma waɗanda suke kwana da kuka suna zaton Allah yana hukunta su, alhali ba laifin da suka yi. Dukansu abu ɗaya ne ya ɓace musu: ba su gane abin da Maganar Allah take nufi da horo ba.

An rubuta kusan dukan Tsohon Alkawari da Ibrananci. Kalmar da take bayan horo a wurare da yawa ita ce musar. A darasinmu na yau za mu bi sawunta. Ka buɗe Littafinka, ka riƙa duba ayoyin da kanka.

1. Asalin kalmar

Yawancin kalmomin Ibrananci suna fitowa ne daga tushe mai baƙaƙe uku. Tushen musar shi ne y-s-r, daga nan aka sami aikatau yasar, wato a koyar, a gyara, a hore. Musar ta bayyana kusan sau 50 a Tsohon Alkawari. Fiye da rabinsu suna cikin Karin Magana, littafin da uba yake zaune yana magana da ɗansa. Littafin Irmiya ne yake biye, inda Allah yake magana da al'ummar da ta toshe kunne.

Masu fassara sukan sha wuya da ita, domin ba kalma ɗaya da take ɗauke da dukan nauyinta. A wata aya sai a ce koyarwa, a wata gargaɗi, a wata horo, a wata kuma hukunci. A Hausa, sai ka haɗa tarbiyya da horo wuri ɗaya kafin ka kusanci ma'anarta. Dubi yadda aka yi amfani da yasar:

A Karin Magana 31:1, uwar sarki Lemuwel ce ta yi wa ɗanta yasar, kuma abin da ya biyo baya nasiha ce ta baki a kan mata, da giya, da tsaya wa marasa galihu.

A Zabura 16:7, Dauda ya ce ko da dare cikinsa yana yi masa yasar. Ba wanda ya ɗaga masa hannu. Yana kwance ne lamirinsa yana karanta masa darasi.

A Yusha'u 7:15, Allah ya ce shi ne ya yi wa hannuwan Isra'ila yasar ya ƙarfafa su, kamar yadda ake horar da soja ko ɗan kokawa.

A Irmiya 31:18, Ifraimu ya kamanta kansa da ɗan maraƙin da bai saba da karkiya ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake horar da shanun huɗa ya san wannan hoto. Sabon sa yakan yi tirjiya, ya kwanta, ya karkace layi. Mai shi yana haƙuri da shi domin yana da aikin da yake so ya yi da shi.

A 1 Sarakuna 12:11 kuwa, Rehobowam ya yi amfani da wannan kalma sa'ad da yake yi wa jama'a barazanar bulala mai tsanani fiye da ta mahaifinsa Sulemanu.

Ka ga faɗin kalmar: daga nasihar uwa har zuwa bulala. Abin da ya haɗa su shi ne, akwai babba, akwai ƙarami, kuma babban yana so ya juya ƙaramin zuwa wata hanya. Idan Allah ne babban, manufarsa kullum ita ce ya mai da kai mutumin da ya kira ka ka zama. Maimaitawar Shari'a 8:5 ta kafa harsashin: yadda mutum yake yi wa ɗansa yasar, haka Ubangiji yake yi wa jama'arsa. Alƙali yana yanke hukunci ya rufe shari'a, ba ruwansa da abin da mai laifi zai zama gobe. Uba kuwa gobe yake dubawa.

2. Ƙofofi uku da musar take shigowa

Ƙofa ta fari ita ce kunne. Karin Magana 1:8 ta kira ɗa ya saurari musar ta mahaifinsa, 4:1 ta sake maimaitawa. A Maimaitawar Shari'a 4:36 Musa ya tuna wa Isra'ila cewa Allah ya jiyar da su muryarsa daga sama domin ya yi musu yasar. Wannan ita ce hanyar da Allah ya fi so, ita ce kuma mafi sauƙi gare ka. Wa'azin da ya taɓa ka ranar Lahadi, ayar da ta tsaya maka a wuya lokacin addu'ar safe, maganar da matarka ta faɗa wadda ka san gaskiya ce ko da ba ta yi maka daɗi ba, muryar Ruhu Mai Tsarki da ta ce kada ka aika wannan saƙo, duk musar ce. Akwai wata kalma da take yawan tafiya tare da ita a Karin Magana, wato tokahat, ma'ana tsautawa, a nuna wa mutum kuskurensa da hujja. Za ka same su tare a 3:11, 10:17, 12:1, 13:18 da 15:32.

Ƙofa ta biyu ita ce ido. Karanta Karin Magana 24:30-34. Mai hikima ya bi ta gefen gonar wani rago, ya ga ƙaya ta cinye ta, katangar dutse ta zube. Ba wanda ya ce masa uffan. Ya tsaya, ya duba, ya yi tunani, sai ya ce ya ɗauki musar. Hausawa suna cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Maimaitawar Shari'a 11:2-7 Musa ya lissafta abubuwan da idon Isra'ila ya gani: alamu a Masar, rundunar Fir'auna a cikin Bahar Maliya, tafiyar jeji, da ƙasar da ta buɗe baki ta haɗiye Datan da Abiram. Dukan waɗannan ya kira su musar ta Ubangiji. Ka lura, har ceton da Allah ya yi musu yana cikin lissafin. Ashe shaidar da ka bayar a gaban ikkilisiya, cewa Allah ya warkar da kai ko ya fisshe ka daga haɗarin mota, ita ma makaranta ce. Me ka koya a cikinta?

Ƙofa ta uku ita ce jiki, wato wahala. Wannan takan zo ne sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa biyun farko ba a buɗe ba. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Amma ko a nan Allah yana aunawa. Ishaya 28:23-29 ya ba da misalin manomi wanda Allahnsa ya yi masa yasar, wato ya koya masa sana'arsa. Manomin ba ya huɗa har abada, akwai ranar da yake ajiye garma ya yi shuka. Ba ya bi da ƙafar keken sussuka a kan ƙananan ƙwayoyi, da ɗan sanda yake kaɗe su. Kai ma ka san riɗi kaɗe shi ake yi a hankali, dawa kuwa sai an buga. Allahn da ya ba manomi wannan hankali ya san irin ƙwayar da kake, ya san kuma iyakar abin da za ka iya ɗauka.

3. Musar abu ne da ake karɓa

Aikatau da ya fi yawan rakiyar musar shi ne lakah, wato karɓa ko ɗauka. Wannan ya nuna cewa ana iya miƙa maka ita ka ƙi. Wahala kaɗai ba ta gyara mutum. Rana ɗaya ce take narkar da man shanu, ita ce kuma take busar da laka.

A nan ne kukan Irmiya yake. A 2:30 Allah ya ce dukan da ya yi wa 'ya'yansu ya tafi a banza, ba su karɓi musar ba. A 5:3 annabin ya ce fuskokinsu sun fi dutse tauri. A 32:33 sun juya wa Allah ƙeya alhali yana ta koya musu. A 25:3 Irmiya ya ce shekara 23 ke nan yana magana ba mai ji. A sura 35 Allah ya aike shi ya ajiye ruwan inabi a gaban Rekabawa cikin Haikali. Suka ƙi sha, saboda umarnin kakansu Yonadab, wanda ya rayu a zamanin sarki Yehu, fiye da shekara 200 kafin wannan rana. Sai Allah ya tambayi mutanen Yahuza a aya 13 ko ba za su karɓi musar ba. Maganar mutumin da ya daɗe a kabari tana da iko a kan jikokinsa, maganar Allah mai rai kuwa ba ta da daraja a wurin jama'arsa. Ƙarshen abin, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta ƙone Urushalima da Haikalin.

Dubi uba da ɗa. Sa'ad da aka karanta wa sarki Yosiya littafin Shari'a da aka tsinta a Haikali, ya yayyage tufafinsa, ya aika a nemi nufin Ubangiji (2 Sarakuna 22:11-13). Sa'ad da aka karanta wa ɗansa Yehoyakim littafin Irmiya, yana zaune yana jin ɗumi, sai ya riƙa yanke shi da wuƙa yana jefawa cikin wuta har ya ƙare (Irmiya 36:22-24). Ɗaya ya yage rigarsa, ɗaya ya yage Maganar. Duk lokacin da aka gyara ka, ɗaya daga cikin biyun nan kake yi.

Mu ba ma ƙona Littafi. Muna da namu hanyoyin. Mukan ce, "Wa ya kai masa tsegumina har ya hau bagade da ni?" Mukan ce, "Shi ɗin wane ne, ai mun san nasa." Mukan ce mai gyaran yana da ruhun kishi. Ko kuwa mu ɗauki Littafinmu mu koma wata ikkilisiya inda ba a san mu ba, mu ce Ruhu ne ya bishe mu. Zafaniya 3:2 ta jera laifofi huɗu na Urushalima: ba ta saurara ba, ba ta karɓi musar ba, ba ta dogara ga Ubangiji ba, ba ta kusaci Allahnta ba. Huɗun nan tare suke tafiya. Mutum yana iya magana da harsuna, yana iya kwana yana addu'a, amma in ba mai iya gaya masa ya yi kuskure, ya riga ya yi nisa da Allah bai sani ba.

Ayar haddacewarmu ba ta yi sassauci ba. Kalmar da ta kira mai ƙin tsautawa da ita, ba'ar, tana da dangantaka da kalmar dabba. Karin Magana 15:32 kuma ta nuna cewa mai watsi da musar ransa yake wulaƙantawa. Kana zaton mutuncinka kake karewa, ashe kanka kake cuta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Dauda ya yi zina, ya sa aka kashe Uriya. Amma da annabi Natan ya nuna shi da yatsa, bai kawo hujja ba, bai kira dogarai ba. Ya amsa laifinsa nan take (2 Sama'ila 12:13). Sakamakon zunubin bai tafi ba, ya bi gidansa shekaru. Amma Dauda bai rasa Allah ba, Zabura 51 kuma ita ce shaida.

4. Kuskure biyu da za ka kiyaye

Kuskure na fari shi ne ka kira kowane horo harin magabci. Hadirin da ya taso wa jirgin Yunusa, Ubangiji ne ya aiko shi (Yunusa 1:4). Da ma'aikatan jirgin sun kwana suna ɗaurewa suna tsautawa, teku ba zai kwanta ba, gama akwai annabin da yake gudun aikinsa yana barci a ƙasa. A Haggai 1:5-9 mutane suna shuka da yawa suna girbe kaɗan, albashinsu kamar ana zuba shi a jaka mai huji. Allah bai ce su nemi maye a cikin dangi ba. Ya ce su duba al'amuransu, gama sun bar Haikalinsa a rushe suna ƙawata gidajensu. Mun gaskata akwai yaƙin ruhaniya, muna kuma da iko cikin sunan Yesu. Amma ba a tsauta wa hannun Uba. Kafin ka ce abokan gaba ne suka tare kasuwarka, ka duba mudunka. Kafin ka ce an yi wa aurenka asiri, ka duba harshenka.

Kuskure na biyu shi ne ka kira kowace wahala sakamakon zunubi. Ayuba 5:17 aya ce mai daɗi a kan albarkar wanda Allah ya tsauta wa, da kiran kada a raina musar ta Mai Iko Dukka. Amma wa ya faɗe ta? Elifaz ne, yana nufin Ayuba ya yi wani laifi a ɓoye. Maganar gaskiya ce, an ɗora ta a kan wanda ba nasa ba ne. A Ayuba 42:7 Allah ya husata da Elifaz da abokansa biyu. Haka a Yahaya 9:1-3 almajirai suka nemi sanin laifin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuwa na iyayensa ba.

'Yar'uwa, ke da kika yi shekaru kina jiran haihuwa, ke da kika binne miji, ɗan'uwa da aka kore ka daga gonarka da gidanka, kada wani ya ƙara muku nauyi da cewa zunubinku ne. Waɗanda aka rubuta wa wasiƙar Ibraniyawa an zage su a fili, an washe dukiyarsu saboda bangaskiya (10:32-34), su ne kuma aka yi wa maganar horo a sura 12. Horonsu irin na ɗan tsere ne da ake shiryawa don ya kai ƙarshe. Muguntar da aka yi musu ta mutane ce, Allah kuwa zai shara'anta ta, amma bai bar azabarsu ta tafi a banza ba.

To, yaya za ka bambance? Idan Ruhu Mai Tsarki yana gyara ka, yakan kira abin da sunansa: kuɗin nan da ka riƙe, ƙaryar nan da ka yi, mutumin nan da ka ƙi gafarta wa. Yakan kuma nuna maka ƙofar fita. Mai ƙarar 'yan'uwa kuwa (Wahayin Yahaya 12:10) duhu kawai yake zubawa: kai ba kome ba ne, Allah ya gaji da kai. 2 Korintiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki iri biyu, ɗaya yana kai ga tuba, ɗaya yana kai ga mutuwa. Ka roƙi Ubangiji ya bincike ka da zuciya ɗaya. In ya nuna maka abu, ka tuba ka gyara. In bai nuna ba, kada ka ƙirƙiro wa kanka laifi. Ka tsaya da bangaskiya, ka ci gaba da addu'a.

5. Musar a kan gicciye

Yanzu buɗe Ishaya 53:5. A tsakiyar ayar an ɗaura kalmomi biyu tare, musar da shalom. Shalom ita ce salama, lafiya, cikar kome, zaman daidai da Allah. Annabin ya ce musar da take kawo mana shalom a kan Bawan Ubangiji aka ɗora ta. Mu ne 'ya'yan da suka toshe kunne, suka rufe ido, suka cancanci sanda. Ɗan da bai taɓa ƙin jin Ubansa ba, shi ne ya miƙa bayansa.

Sa'ad da Yahudawa suka fassara Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, aikin da aka fara a Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, kalmar da suka fi sa wa a madadin musar ita ce paideia, wadda ta fito daga pais, wato yaro. Ma'anarta renon yaro har ya zama mutum. Ita ce Sabon Alkawari ya ɗauka. Da aikatau ɗinta aka ce an ilimantar da Musa cikin hikimar Masarawa (Ayyukan Manzanni 7:22). Da shi kuma Bilatus ya yi magana a Luka 23:16 da 22, sa'ad da ya ce zai hori Yesu ya sake shi. Bilatus bulala yake nufi, bai san yana taɓa annabcin Ishaya ba.

Ga abin da wannan yake nufi gare ka. In kana cikin Almasihu, an riga an biya bashin zunubinka. Romawa 8:1 ta tabbatar ba sauran hukunci a kanka. Saboda haka horon da kake sha yau ba biyan bashi ba ne, Allah ba ya karɓar kuɗi sau biyu. 1 Korintiyawa 11:32 ta ce ana horonmu ne don kada a hallaka mu tare da duniya. A Titus 2:11-12 alherin Allah da kansa ne yake yi mana wannan horo, yana koya mana mu ce a'a ga rashin tsoron Allah. A Wahayin Yahaya 3:19 Yesu ya gaya wa ikkilisiyar Lawudikiya cewa waɗanda yake ƙauna su yake tsauta wa, aya ta gaba kuma ta nuna shi tsaye a bakin ƙofa yana neman su ci abinci tare.

Ibraniyawa 12:5 ta ɗauko Karin Magana 3:11 ta gargaɗe mu a kan ramuka biyu. Na ɗaya raini: ka kaɗa kafaɗa ka ce ba kome. Na biyu karaya: ka zauna ka ce naka ya ƙare, ka daina zuwa sujada, ka daina addu'a. Hanyar tana tsakiya. Aya 11 ba ta ɓoye cewa horo yana da zafi a lokacinsa ba, amma ta yi alkawarin amfanin adalci da salama daga baya ga waɗanda suka bari ya yi aikinsa a cikinsu. Aya 8 ta fi tsoratarwa: wanda ba a horonsa ba ɗan gida ba ne. In kana zunubi hankalinka kwance, ba abin da yake damunka, kada ka kira wannan tagomashi. Ka yi kuka ga Allah.

6. Gare ku iyaye da shugabanni

Wanda Allah ya ba ikon horon wani, sai ya yi shi yadda Allah yake yi. Iyaye da yawa sun haddace Karin Magana 13:24 da 22:15 a kan sanda, amma sun manta littafin ya buɗe da surori tara na zama da yaro ana yi masa bayani. Kalmar sanda a 13:24, shebet, ita ce a Zabura 23:4, sandar makiyayi da take ta'azantar da tunkiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa da fushi karya shi yake yi. Afisawa 6:4 ta hana ubanni tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi, a cikin ayar da ta umarce su su rene su da paideia ta Ubangiji. Dukan da ka yi don huce haushin da ka kwaso daga wurin aiki, da zagin da ka yi wa yaro cewa ba zai zama kome ba, ba musar ba ne, zunubi ne da kake bukatar tuba a kansa. Rehobowam ya yi taƙama da bulala, kabilu goma suka balle daga hannunsa. Eli kuma ya yi sakaci, ya san abin da 'ya'yansa suke yi bai hana su ba (1 Sama'ila 3:13), ya rasa su biyun rana ɗaya. Ka guji hanyar Rehobowam, ka guji ta Eli.

Fastoci da dattawa, manufar horon ikkilisiya ita ce a dawo da ɗan'uwa. Matiyu 18:15 ta ce a fara a keɓe, tsakanin mutum biyu. Galatiyawa 6:1 ta ce a yi shi da tawali'u, mai gyaran yana lura da kansa. A 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce wa ikkilisiya horon da aka yi wa wani ya isa, yanzu a gafarta masa a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. In mun sa mutum a bencin baya, wa yake zuwa gidansa a cikin mako? Wa yake addu'a tare da shi? In kuma mai kuɗi da talaka suka yi laifi iri ɗaya, ma'auni ɗaya muke amfani da shi?

Kai kuma da kake cikin horo yanzu, kada ka gudu. Ka zauna, ka gama, ka bar Allah ya ɗaga ka da hannunsa. Dauda ya tashi, Bitrus ya tashi, kai ma za ka tashi cikin sunan Yesu.

Abin yi a wannan mako

Ka tuna gyara na ƙarshe da wani ya yi maka wanda ya ɓata maka rai. Ka ajiye yadda aka faɗe shi a gefe, ka tambayi Ubangiji ko akwai gaskiya a ciki. In akwai, ka gyara abin, sa'an nan ka je wurin mutumin ka gode masa kafin Lahadi mai zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta wace ƙofa Allah ya fi yi maka magana a kwanakin nan: kunne, ido, ko wahala?
2. Wane ne a rayuwarka yake da izinin gaya maka ka yi kuskure ba tare da tsoro ba?
3. Me ya bambanta maganar Natan ga Dauda da maganar Elifaz ga Ayuba?
4. Yaya Ishaya 53:5 ta sauya yadda kake kallon horon da kake sha?

Addu'a

Ya Uba, na gode domin ka ɗauke ni ɗa, ba ka bar ni ga son zuciyata ba. Ka gafarta mini lokatan da ka aiko mini da gyara na yi fushi da ɗan aiken. Ka buɗe kunnena in ji tun kana magana a hankali. Ruhu Mai Tsarki, ka nuna mini abin da yake daga hannun Uba in karɓa, da abin da yake daga magabci in tsaya gāba da shi. Na ƙi kowace muryar hukunci, gama Yesu ya ɗauki horon da ya kawo mini salama. Ka ba ni hikima da tausayi in reni waɗanda ka sa a hannuna. Kada wahalar da na sha ta tafi a banza, bari ta haifi adalci da salama a gidana da ikkilisiyarka. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.